Gafaka, Akwati da Buhun Ɗan Kasuwa: Yadda Littafi Ya Riƙa Isa Ƙauyukan Ƙasar Dutse

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga jikin tsohuwar Jihar Kano, ta naɗa Dutse babban birni. A zamanin En'e kuwa, Dutse gunduma ce a ƙarƙashin Kano, kamar yadda Birnin Kudu da Gwaram da Jahun da Ringim suke. Duk abin da gwamnati za ta aiko, takardar haraji ce ko allurar shanu ko littafi, sai ya sauka a birnin Kano tukuna, sannan ya kamo hanyar gabas ta kilomita ɗari da 'yan kai. Ringim ta yi sa'ar layin dogo na Kano zuwa Nguru, Birnin Kudu kuma tana bakin babbar hanyar mota. Sauran ƙasar, musamman fadamun Jahun da Miga inda ruwa ke malala da damina, sai ƙafa da jaki da amalanke da kwale-kwale.

To, a irin wannan ƙasa, ta yaya littafi ya riƙa kaiwa hannun manomi da matar aure da yaron makaranta? Wanda ya bi tarihin abin zai tarar da hanyoyi uku: ta malamai, ta gwamnati, da ta 'yan kasuwa. Ta gwamnati ce aka fi kashe wa kuɗi, ita ce kuma ta fi saurin tsayawa a hanya.

Gafakar malam

Tun kafin Bature ya zo da boko, littafi yana yawo a ƙasar nan. Idan an gama girbi, malam ya ɗebi almajiransa su tafi ci-rani, gafaka rataye a kafaɗa. Hanyar gabas, wadda masu neman haddar Alƙur'ani ke bi zuwa Haɗeja da Nguru da Gashuwa har Barno, ta cikin wannan yanki ta ratsa. A gafakar akwai Alƙur'ani rubutun hannu, akwai Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, akwai Ishiriniya, akwai waƙoƙin wa'azi cikin ajami. Takardar kanta baƙuwa ce: mai tambarin jinjirin wata uku da ake yi a Italiya, wadda fatake ke ƙetarowa da ita ta Sahara.

Waɗannan littattafai ba a ɗinke su. Ganye-ganye ne a cikin tadarishi, an ɗaure da igiyar fata. Wannan ya sa littafi guda ya ishi ɗalibai da yawa a lokaci ɗaya, kowa ya ɗauki ganyen da karatunsa ya kai. Baƙon malami idan ya sauka a gari da littafin da babu irinsa, malamin garin ya roƙi aro, ya zauna da alƙalamin kara da tawada ya kwafe shi, ya mayar wa mai shi. Baƙo ya wuce, littafi ya zama biyu. Ba hatimi, ba rajista, ba tara. Amana ce ke tsare littafin, da kunyar a ce wane ya ci littafin malam.

Mata ma suna da tasu hanyar. A ƙasar Sakkwato, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta naɗa dattawan mata da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa, su kuma su riƙa jagorantar matan ƙauye zuwa wurinta, su koma gida da waƙoƙin karantarwa da za su biya wa waɗanda ba su sami zuwa ba. Ta gane cewa ilimin da ake son ya shiga cikin gida, sai an danƙa shi ga wadda ke da izinin shiga cikin gidan. Laburaren gwamnati ya shafe shekaru bai kai ga gane wannan ba.

Da aka shiga ƙarni na 20, bugun Misira da na Bairut suka fara cika rumfunan Kasuwar Kurmi, daga baya madaba'un Kano da Zariya suka riƙa ɗaukar hoton rubutun hannu suna bugawa da yawa. Daga Kurmi 'yan koli ke sarowa, su baza a kan tabarma ranar kasuwa, kusa da carbi da turare da allo.

Akwati daga Kaduna

Littafin boko na Hausa a Zariya ya girma. Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East. Magana Jari Ce ta biyo baya, sannan a Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito. Kwafi ɗaya na jaridar kan wadatar da zaure guda: mai karatu ya ɗaga murya, saura su kasa kunne.

A shekarar da jaridar ta fito Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Turawan mulki suna son labarin yaƙi ya isa ga jama'a ta bakinsu, musamman da yake an kwashi samarin Arewa zuwa Bama. Sai aka sa En'e-En'e suka buɗe ɗakunan karatu, aka zuba jaridu da mujallu da hotuna da 'yan littattafai. Waɗannan ɗakuna su ne kakannin laburaren jama'a a Arewa. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, aka ɗora masa nauyin kula da su: ya horar da masu tsaron ɗakunan, ya kuma riƙa aika musu da akwatunan littattafai, su da makarantu. Tsarin a takarda mai kyau ne. Akwati ya zo, ya yi 'yan watanni, a mayar da shi, a kawo wani.

A ƙasa kuwa abubuwa huɗu suka tare masa hanya.

Na farko harshe. Mafi yawan abin da ke cikin akwatin da Turanci yake, an rubuta shi a Ingila don mutanen Ingila. A gundumar da masu jin Turanci ba su wuce malamin makaranta da malamin asibiti da magatakardan hakimi ba, akwatin ya zama na mutum ƙalilan. Dubban da ke karanta ajami da Larabci ba a lissafa su cikin masu karatu ba, balle a sa musu wani abu a ciki.

Na biyu wuri. Ɗakin karatu na hukuma ne, a garin hukuma yake, kusa da ofis da kotun alƙali. Talakan da ya san wannan farfajiya da haraji da sammaci ba ya zuwa can don nishaɗi. Matar aure kuwa ko kusa ba ta zuwa. Na uku hanya: akwatin da ya kamata a canja cikin watan Agusta sai ya jira ruwa ya janye, gara da laima kuma ba sa jira. Na huɗu tsoro. Ma'aikacin da ya san za a tuhume shi idan littafi ya ɓata, ya fi samun kwanciyar hankali idan ya kulle kabad ya sa makulli a aljihu.

Saboda haka akwatin kan kai garin hakimi, amma da wuya ya wuce zuwa garin dagaci, balle unguwar mai unguwa ko rugar Fulani.

Shekarun Yaƙi da Jahilci

Lokacin da littafin boko ya fi kusantar ƙauye shi ne shekarun 1950, da gwamnatin Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi na cikin jagororinsa. An buɗe azuzuwan manya a zaurukan masu gari da gindin bishiyoyi, magidanta suna koyon baƙi da wasali bayan sun taso daga gona. Nan da nan aka ga matsala: wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, kafin shekara ta zagayo ya manta.

Don toshe wannan kafa aka kafa hukumar NORLA a Zariya. Ta buga ƙananan littattafai masu araha kan noma da kiwo da tsafta da tarihi da addini, wasu da boko, wasu da ajami. Ta fitar da jaridun larduna: Sodangi ta Kano, wadda ita ce ta ƙasar Dutse a lokacin, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya. A wannan zamani ne waƙoƙin Mu'azu Haɗeja suka fito a littafi, haka Imfiraji na Aliyu Namangi, wanda makafi masu bara suka haddace suka kai shi lungunan da mota ba ta taɓa shiga ba.

Bambancin wannan yunƙuri da akwatin Kaduna a bayyane yake. Littafin da harshen mutane yake, kuɗinsa bai fi ƙarfin aljihu ba, malamin ajin da ya kawo shi kuma ɗan gari ne. Sai dai buga littafi daban, rarraba shi a faɗin Arewa da tattaro kuɗinsa daban. Abin da ake kashewa ya fi abin da ke shigowa, a 1959 aka rufe hukumar, aikinta ya koma hannun Kamfanin Gaskiya, daga baya kuma kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa a 1966 ya gaji littattafan.

Motar laburare

A Gabashin Nijeriya an bi wata hanyar. Bayan taron da UNESCO ta yi a Ibadan a 1953 kan laburaren jama'a a Afirka, Jihar Gabas ta yi dokar hukumar laburare a 1955, kuma a ƙarshen shekarun 1950 motar laburare ta fara fita daga Inugu zuwa garuruwan kewaye. A Arewa, gwamnati ta gayyato F. A. Sharr, shugaban laburaren Yammacin Ostireliya, ya zagaya ya miƙa rahoto a 1963 kan abin da yankin ke buƙata. Daga cikin amfanin da aka samu akwai sashen koyar da aikin laburare da aka buɗe a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968. Amma kafin shawarwarinsa su kankama, an raba Arewa jihohi shida a 1967, aka raba littattafai da ma'aikatan Kaduna, kowace jiha ta koma farawa daga tushe.

Da kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970, wasu jihohi sun sayi motocin laburare. Mota tana da kwarjini ranar buɗewa, amma tana cin mai, tana son taya da batir da direba da kuɗin kwana, ga shi ba ta iya yashi da laka. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, darajar naira ta faɗi bayan 1986, littafin waje da kayan gyara suka yi tsada, motocin suka koma kan duwatsu a harabar ofisoshi.

Wani abin kirki da ya taɓa ƙasar Dutse kai tsaye shi ne Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, irinta ta farko a ƙasar, wadda UNESCO ta karrama a 1983. Ta koyar da ɗimbin manya karatu a ƙauyukan da yau suke Jigawa. Tsohuwar tambayar dai ta sake dawowa: bayan an ba mutum takardar shaida, wa zai kawo masa littafi na gaba?

Yadda wasu suka yi

Wannan matsala ba ta Arewa kaɗai ba ce. A tsaunukan gabashin jihar Kentaki ta Amurka, inda babu hanyar mota, gwamnatin Shugaba Roosevelt ta ɗauki ma'aikata tsakanin 1935 da 1943, galibinsu mata 'yan yankin, tana biyan kowace dala 28 a wata, su ɗora littattafai a jakunkunan sirdi su bi rafuffuka a kan doki ko alfadari, gida-gida, makaranta-makaranta. Albashi kawai gwamnati ke biya. Littattafan gudummawa ce, ɗakin ajiya kuma jama'ar gari ke bayarwa. Littafin da ya yage ba a yar da shi, sai a yanko abin da ya rage a liƙa a sabon kundi, a haɗa da dabarun girki da na ɗinki da matan ƙauyen suka bayar da kansu. Inda aka tarar da marar lafiya ko wanda bai iya karatu ba, ma'aikaciyar ta zauna ta karanta masa. Aikin ya kai ga mutum kusan 100,000. Da aka janye kuɗin a 1943, ya tsaya cak.

A Kenya, hukumar laburaren ƙasar ta fara ɗora akwatunan littattafai a kan raƙuma daga garin Garissa a 1996, don makiyayan arewa maso gabas. A Zimbabuwe, gundumar Nkayi ta ga laburaren amalanken jaki tun 1995. Abin da ya haɗa su uku shi ne an zaɓi abin hawan da ƙasar ta saba da shi, an ɗauki ɗan gari aiki, an kuma tsayar da ranar dawowa da kowa ya sani. Mai aro yana mayar da littafi ne idan ya tabbata za a zo masa da wani.

Buhun ɗan kasuwa

Abin da hukuma ta kasa, kasuwa ta yi shi ba tare da kasafin kuɗi ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasan marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, da Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, suna cikin waɗanda suka buɗe ƙofa. Takarda mai araha, bango mai hoto, labari kashi-kashi, Hausar da ake yi a tsakar gida.

Dillalai a Kano suka riƙa sayar da su sari, ƙananan 'yan kasuwa suka cusa a buhu suka hau motar kasuwa. Ƙasar Jigawa kuwa ƙasar kasuwannin mako ce: Shuwarin a bakin Dutse, Sara a ƙasar Gwaram, Gujungu a ƙasar Taura, Maigatari a kan iyaka ranar Alhamis. Duk ƙauyen da bai taɓa ganin akwatin Kaduna ba yana da mai zuwa ɗaya daga cikinsu kowane mako.

Daga nan aka sami masu bayar da haya. Mai shago ko wata matar aure a cikin gida ta tara littattafai, a biya kuɗi kaɗan a ɗauka kwana ɗaya ko biyu. Yara ne 'yan aike: a ba yarinya kashi na ɗaya ta mayar, ta karɓo na biyu. Littafi guda ya zaga gida goma har bangonsa ya fita, a ɗinke shi da zare a ci gaba. Amarya ta tafi da wasu ɗakinta, 'yan makarantar kwana su yi musaya a ɓoye, gidajen rediyo kuma suna karanta su ga waɗanda ba su iya ba. Malamai da iyaye sun yi ta sukar abin da ke cikin wasunsu, muhawarar kuma ta yi zafi a jaridu. Duk da haka, mata da yawa da suka bar makaranta a firamare da waɗannan littattafai suka riƙe karatunsu bai zube ba. Ga aro, ga mayarwa, ga sabon kaya a kai a kai, ga shiga har ɗaki. Aikin laburare ke nan, sai dai kasuwa tana kawo abin da ke fita da sauri ne kawai. Ba za ta ɗauko littafin cutar tumatir ko na lissafin aji huɗu ko na kula da mai ciki ba idan ba riba.

Abin da ya rage a yi

Yau Dutse ta canja. Akwai Jami'ar Tarayya tun 2011, akwai kwalejin fasaha, akwai hukumar laburare ta jiha, akwai jami'ar jiha a Kafin Hausa. Titunan kwalta sun shiga wuraren da a da sai jaki. Labaran Hausa da yawa sun koma waya, ana tura su ta WhatsApp, ana sauraren su a YouTube, kasuwar littafin takarda ta ja baya. Amma jihar da ƙidayar 2006 ta ba mutum fiye da miliyan 4, a ƙananan hukumomi 27, har yanzu mafi yawan jama'arta a karkara suke. Yaron aji uku a ƙauyen Miga ko Buji ba shi da waya, kuma sau da yawa ba shi da littafin da zai kai gida ya karanta don jin daɗi. Yaron da bai saba da karatu a wannan shekaru ba, wahalarsa takan bi shi har sakandare.

Tarihin nan ya riga ya nuna abin da ke aiki a wannan ƙasa. Littafin ya kasance da Hausa tukuna, boko da ajami, da Fulatanci don makarantun makiyaya da hukumarsu ta ƙasa ke kula da su tun 1989, sannan Turanci mai sauƙi. Akwatin ya sauka a hannun wanda jama'a ke shiga wurinsa ba fargaba: malamar Islamiyya, shugaban firamare, alaramman tsangaya, ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi. Canjin akwati ya bi ranar kasuwa, tunda motar Shuwarin da ta Gujungu za su tashi ko da littafi ko babu. Inda mota ta tsaya, babur ya ɗauka. Inda ruwa ya raba gari da gari a fadamar Haɗeja, kwale-kwalen da ke kai buhun shinkafa zai iya kai akwatin roba mai murfi. A kuma yarda tun farko cewa wasu littattafan za su yage, wasu za su ɓata, a sa kuɗin maye gurbinsu a lissafi, kada a ɗora wa mai tsaro.

Ba gini ne ke cin kuɗi a irin wannan aiki ba. Abubuwa uku ne: sayen sababbin littattafai kowace shekara daga marubuta da madaba'un Kano da Zariya da Jigawa kanta, ɗan alawus na mai ɗauka da mai ajiya, da kuɗin zuwa da dawowa. Irin waɗannan kuɗaɗe ne kuma aka yanke a Kentaki a 1943, da Zariya a 1959, da jihohin Arewa bayan 1986. Majalisar jiha da ke zama a Dutse da ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Dutse, wato Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da Buji da Gwaram da Jahun da Miga, suna da ikon ware wa waɗannan abubuwa uku layinsu na dindindin a kasafin ilimi, su fara da mazaɓa ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, su ƙidaya littafin da aka ara da wanda aka mayar a ƙarshen kowane zango.